Saƙar gizo tana Jamus, mai jego tana Waca

Labarin saƙar gizo da ke yawo a WhatsApp na malaman lakwal ya fara isata. Kowa turawa yake, da "Allahu Akbar, an samu maganin ciwon zuciya". Ba a samu ba tukuna.

Ga abin da ya faru. A 2017 masu bincike a jami'o'in Bayreuth da Erlangen na Jamus, ƙarƙashin Thomas Scheibel da Felix Engel, suka sa bakteriya ta kwaikwayi furotin ɗin zaren gizo. Suka yi shimfiɗa da shi, suka ɗora ƙwayoyin naman zuciyar jariran ɓeraye, ƙwayoyin suka kama kamar kabewa a rumfa, har suna bugawa. Ɓeraye fa, cikin ɗakin gwaji. Dalilin wannan wahala ɗaya ne: naman zuciya in ya mutu, jiki ba ya iya mayar da shi yadda yake mayar da fata.

To mu namu naman zuciyar a ina yake lalacewa? A ɗakin jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka nuna yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke raunana bayan haihuwa, suka zargi kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya fi karkata ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Likitoci su ci gaba da muhawararsu. Amma dai gishiri yana tara ruwa a jikin mai raunin zuciya, kanwa kuwa dangin gishiri ce.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mace ta haihu a Waca, ƙafafu su kumbura, ta kasa kwanciya don haki, tana tari cikin dare, sai kakanni su ce sanyi ne ko iska, a ƙara kunu, a ƙara hayaƙi. Miji yana kallo, wai sha'anin mata ne. Alhali in an kai ta Magarya ko babban asibitin Damagaram da wuri, akwai ƙwayoyi masu fitar da ruwa su sauƙaƙa wa zuciya aiki, mata da dama kuma suna murmurewa.

Malamai, kun sa yara sun haddace ɗakuna huɗu na zuciya don jarrabawa. Ku ƙara musu alamomin nan uku: kumburi, haki, tarin dare. Yarinyar kwaleji ita ke ɗebo wa yayarta ruwan wankan jego, ita za ta fara ganin ƙafar da ta ƙi shiga takalmi.