Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Ɗaukar Ma'aikata Na Jihohin Jazira, Sinnar Da Nilul Azraƙ



Ranku ya daɗe, ina muku jajen yaƙin da ya sami ƙasa. Tun da sojoji suka koma Sinja a Nuwamban 2024, suka shiga Wad Madani a Janairun 2025, aikin da ke gabanku ya ƙaru. Makarantu na buƙatar malamai, asibitoci na buƙatar ma'aikata, magudanan ruwan gonakin Jazira na jiran masu kula da su. Cikin waɗanda za su kawo muku takardu akwai 'ya'yan garin Mai Wurno, da na ƙauyukan Hausawa na bakin kogi har zuwa Damazin da Rusairis, da matasan da suka tashi a kambo, wato matsugunan leburorin gona. Da yawansu sun taɓa aiki a wajen 'yan kasuwa: injinan gurzar auduga, matatun man gyaɗa da riɗi, gonakin famfo, kamfanonin sufuri, kantunan magani. Wasu kuma an sallame su da sunan sun yi laifi. Roƙona a gare ku shi ne kada takardar kora daga hannun mai kamfani ta wadatar da ku wajen rufe wa mutum ƙofar aikin gwamnati, sai kun bincika wane ne ya tabbatar da laifin, kuma ta wace hanya.

Dokar ƙasa ma ba ta amince da bakin maigida shi kaɗai ba. Dokar Ƙwadago ta 1997, a sashe na 53, ta lissafa laifuffukan da za a iya korar ma'aikaci saboda su ba tare da sanarwa ba, irin su amfani da takardun jabu, sakacin da ya jawo babbar asara, tona asirin sana'a, dukan maigida, da maye a bakin aiki. Amma sashe na 55 ya ɗaure hannun mai kamfani: sai ya kai maganar ofishin ƙwadago, an bincika, an amince, kafin korar ta tabbata. Idan ofishin bai gamsu ba, a mayar da ma'aikacin; idan kuma an kore shi kafin ofishin ya yanke hukunci, ko dai a mayar da shi, ko a biya shi haƙƙoƙinsa da diyyar albashin wata shida. Ke nan kora iri biyu ce, wadda hukuma ta saurari ɓangarorin biyu a kanta, da wadda mutum guda ya yanke a cikin ofishinsa. Kwamitin da ya ɗauke su daidai ya ba ɗan kasuwa ikon da doka ta hana shi.

Akwai kuma wani giɓi da ya fi shafar mutanenmu. Ita wannan dokar ta fitar da galibin ma'aikatan gona daga ƙarƙashinta, sai irin su masu aikin injina da masu sarrafa amfanin gona, ta kuma fitar da 'yan aikin gida da masu aikin wucin gadi. A nan ne kuwa ɗan Bahaushe yake fara cin gumin kansa, domin tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, kakanninsa ne cikin masu shuka da tsinkar auduga, mafi yawansu ba su da gonar kansu. Ku duba yadda irin wannan kora ke faruwa. Yaro ne da ya gama sakandare, aka ba shi makullin sito a gonar famfo. Ƙarshen kaka aka ƙirga buhunan taki, ba su cika ba. Makullin yana hannunsa, amma wakilin mai gona ma yana da nasa, ɗan mai gonar ma yana shiga. Ba a kira shaida ba, ba a duba littafin fitar da kaya ba. Aka ce ya tattara nasa ya nasa, aka riƙe sauran kuɗinsa a madadin takin, labari kuma ya riga shi isa gari. Wataƙila shi ya ɗauka, wataƙila ba shi ba ne. Abin da ya tabbata kawai shi ne babu wanda ya bincika. In bayan shekara biyar ya zo gabanku da shaidar koyarwa, me za ku ce kun sani game da shi?

Shekarun nan sun ƙara dagula lamarin. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin, ya sake tashi a Wad al-Mahi cikin Oktoba, dubban iyalan Hausawa suka bar gidajensu. Mutumin da ya ɗauki 'ya'yansa ya tsere da dare bai tsaya neman izini ba, kuma ba wuya a rubuta shi cikin waɗanda suka ƙaurace wa aiki. Sannan yaƙin da ya fara a ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kawo wata tuhumar da ta fi kowace saurin kamawa, wato a ce wane ya haɗa kai da Da'amus Sari', rundunar da ke yaƙi da sojoji. Wanda ya aikata hakan da gaske, kotu ce wurinsa. Amma kalmar ta yi arha, kuma ta fi liƙewa jikin wanda ba shi da dangi a ofis. Al'ummar da ta daɗe tana shan tambayar ko 'yar ƙasa ce, tun lokacin da dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna zaman kakanni kafin ƙarshen 1897, alhali mutanen Mai Wurno sun iso Sudan ne bayan yaƙin Burmi na 1903, tana da dalilin tsoron duk wani sharaɗi da aka bari a hannun son ran ma'aikaci.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: dukiyar gwamnati amanar jama'a ce, wanda ya ci amanar mutum ɗaya ba za a damƙa masa ta miliyoyi ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari idan cin amanar ya tabbata. Ai shi ya sa kuke neman fish, wato takardar tarihin laifi, daga 'yan sanda, kuma wanda kotu ta kama da sata ko zamba zai bayyana a can. Haka wanda ofishin ƙwadago ya amince da korarsa bayan bincike, ku ɗauki wannan da muhimmanci. Ko a nan ma sai a auna laifin da kujerar da ake nema. Akawun da aka tabbatar ya yi wasa da lissafi kada ya kusanci baitulmali, wanda aka kora saboda cin zarafin yara kada ya sake shiga aji har abada. Amma direban da aka sallama saboda ya ɗaga wa manaja murya a kan albashin da aka riƙe, wace cuta zai yi wa jama'a idan ya tuƙa motar asibiti? Ya kamata kuma a sa wa ƙananan laifuffuka wa'adi rubutacce, wanda idan ya wuce mutum bai sake ba, a daina waiwayarsu. Abin da ba za a yafe ba shi ne ƙarya a gabanku. Ku tambayi mai neman aiki kai tsaye ko an taɓa korarsa, wanda ya ɓoye aka gano, shi ya kori kansa.

Wasu za su ce maigida ba ya korar ma'aikacin kirki haka kawai, tunda shi ma riba yake nema. Ribar ce ma take sa wani ya zaɓi laƙaba laifi, domin sallamar mutum lafiya tana nufin biyan haƙƙin ƙarshen aiki. Sayyidina Umar ya tuɓe Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas daga mulkin Kufa bayan ƙorafin wasu mutanen garin, amma da ajali ya zo masa ya sa shi cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma bayyana cewa bai cire shi don gazawa ko ha'inci ba. Idan tuɓewar da Umar ya yi da hannunsa ba ta zama shaidar laifi ba, ina ga takardar manajan matatar mai? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma, a yarjejeniyarta mai lamba 158 ta 1982, ta tsaya a kan cewa ba a korar mutum saboda halinsa sai an ba shi damar kare kansa.

Za a kuma ce an wawashe ofisoshi, fayiloli sun ɓace, ta ina za a bincika? Gaskiya ne, amma ɓatan takarda ba laifin mai neman aiki ba ne, bai kamata ya biya kuɗinsa ba. Ku zaunar da shi ya faɗi nasa, ku nemi bayanin tsohon maigidan a rubuce da sa hannunsa, ku ji ta bakin limami ko shugaban makarantar da ya san shi, sannan ku ɗauke shi a kan gwaji kamar kowa, aikinsa ya nuna ko wane ne.

Sudan ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka raba mutum da aiki ba tare da an saurare shi ba. Bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989 an sallami dubban ma'aikata da sunan "salihul am", wato maslahar jama'a, ba tuhuma ba shari'a, ma'aikatu suka rasa ƙwararrunsu, iyalai suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu. Saboda haka ina roƙonku ku fitar da ƙa'ida guda a rubuce, a liƙa ta a ofisoshinku na Madani da Sinja da Damazin, a karanta ta a rediyon jiha da Larabci da Hausa. Duk wanda kuka ƙi ɗauka saboda tsohuwar kora, a ba shi dalilin a takarda, a gaya masa inda zai ɗaukaka ƙara da kwanakin da yake da su.

Wassalamu alaikum.