Shafin Uwargida: Yadda Matan Indiya Suke Wanke Kai

Kalmar nan shamfu da muke gani a jikin kwalabe, Turawa aronta suka yi. Ta fito daga harshen Hindi na ƙasar Indiya, inda champo ke nufin a matsa jiki ko a murza shi. Wani Ba'indiye mai suna Sake Dean Mahomed, wanda aka haifa a birnin Patna a 1759, ya buɗe gidan wanka a Brighton, bakin teku a Ingila, yana yi wa mutane tausa da mai. Ya yi suna har sarakunan Ingila biyu suka naɗa shi mai yi musu wannan aiki. Ya rasu a 1851. Sai bayan zamaninsa kalmar ta koma sunan abin wanke kai. Ashe tun farko maganar mai da tausa ce, kumfa daga baya ta shigo. Wannan shi ne abin da muke so uwayen gida su lura da shi a wannan wata.

A maganin gargajiya na Indiya, wanda suke kira Ayurbeda, mai yake zuwa kafin ruwa. A kudancin ƙasar, a jihar Tamil Nadu, man riɗi ake ɗumamawa kaɗan, a jihar Kerala kuwa man kwakwa. Uwa ta zaunar da 'yarta, ta raba gashin layi layi, ta shafa man a fatar kai da yatsu, ta bi shi har bakin gashi. A bar shi kamar sa'a guda, wasu har ya kwana, sa'an nan a wanke. A Tamil Nadu akwai ma ranakun da aka ware a al'ada, mata Talata da Jumma'a, maza Laraba da Asabar.

Wannan ba camfi ba ne. Silin gashi yana shan ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, yau da gobe kuma sai ya yi rauni. Man da ya riga ya shiga yana rage ruwan da gashi zai sha. A 2003 wasu masana biyu a birnin Mumbai, Rele da Mohile, sun gwada man kwakwa da wasu irin mai biyu, suka ga man kwakwa ne kaɗai ya rage lalacewar gashi sosai. Ya kamata mu faɗa cewa su biyun ma'aikatan wani kamfani ne mai sayar da man kwakwa, mai nama kuwa ba ya kushe namansa. Duk da haka bayanin da suka kawo yana da ma'ana, domin man kwakwa yana iya ratsa silin gashi, ba ya tsayawa a baya kawai.

To, da me ake wanke man? Abubuwa uku ne suka fi shahara, dukansu 'ya'yan itace ne busassu da ake saye a kasuwa da awo, kamar yadda muke sayen tsamiya.

Na farko shi ne rita. 'Ya'yan wani babban itace ne, girmansu kamar na kurna mai ƙiba, launin ƙasa-ƙasa. Ɓawon ake so, a yar da ƙwallon. In aka jiƙa shi aka murza sai ya yi kumfa, domin akwai wani sinadari a ciki da masana ke kira safonin, wanda yake kama maiƙo ya haɗa shi da ruwa. Maƙeran zinariya a Indiya ma da shi suke wanke kayan ado. Na biyu shi ne shikakai, wata ƙaya mai hawa, dangin bagaruwa, mai dogon kwanso. Shi ma yana da safonin amma kumfarsa kaɗan ce. Na uku shi ne amla, 'yar ƙaramar koriya mai tsami da bauri. Ita ba ta wanki. Aikinta ta ƙara wa ruwan tsami.

Ga yadda ake haɗawa a gidaje da yawa. A ɗebi kowanne cikin tafin hannu ɗaya, a jiƙa su cikin ruwa kamar kofi huɗu su kwana. Da safe a ɗora a wuta su tafasa kaɗan, a sauke, in sun huce a murje su da hannu, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ruwan da ya fito shi ne shamfu. A zuba a kai sannu sannu, a murza fata, a ɗauraye sosai. Wasu suna niƙa su gari su kwaɓa, amma garin yana maƙalewa, kuma mun tabbata a gashi irin namu zai fi maƙalewa. Ba a dafa na wata guda a ajiye, gama ba a sa masa abin hana ruɓa ba, kwana biyu uku sai ya yi wari.

Me ya sa ba su wanke da sabulu kawai ba? A nan ne hikimar take. In aka duba silin gashi da madubin likita, za a ga yana da ɓawo-ɓawo a jere kamar na kifi. Abu mai kaifi irin na toka ko kanwa yana ɗaga waɗannan ɓawo, gashi ya yi kaushi, ya sarƙe, ya yi ta tsinkewa a mataji. Sabulun soda yana cikin wannan layi, garin wankin tufafi kuwa ya fi shi muni. Abu mai ɗan tsami yana kwantar da su. Shikakai da amla suna da wannan ɗan tsami, wankinsu kuma ba ya kwashe maiƙon kai gaba ɗaya. Uwargida da ta saba auna tsabta da yawan kumfa za ta ce wannan ruwa bai yi kome ba, alhali kumfa ba ita ce ke wanki ba. Muna yawan ganin ana wanke wa yara kai da garin wanki don a ga kumfa ta tashi, daga baya a yi ta mamakin gashin yarinya ya yi ja yana kakkaryewa.

A Kerala mata suna daka ganyen wani fure dangin kuɓewa da yakuwa, su sami ruwa mai yauƙi da suke kira tali, su wanke kai da shi. Da muka ji haka sai muka tuna da karkashi, wanda kakanninmu da matan Chadi suka daɗe suna wanke kai da shi. Dabarar ɗaya ce: yauƙi yana sa gashi santsi, tsifa ta yi sauƙi. Aduwa kuma tana da safonin kamar rita, shi ya sa ake wanki da saiwarta da ɓawonta a wurare da yawa. Dogon yaro da ke ƙofar gidajenmu, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, asalinsa itacen Indiya ne, wajen 1928 aka fara dasa shi a Barno. Can suna dafa ganyensa su ɗauraye kai saboda ƙaiƙayi da amosani. Wadda ba ta sami rita ba, ba ta rasa kome mai yawa ba. Ta shafa man kaɗanya ko man kwakwa, ta bar shi ya jima, ta wanke da karkashi.

Yanzu sai gargaɗi, domin kasuwa ta cika da kwalabe masu hoton mace da gashi har gadon baya. Gashin mutum yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, ko a Kano ko a Mumbai. Dogon gashin da muke gani a finafinan Indiya yawanci gado ne, kuma gashi miƙaƙƙe ba ya karyewa kamar namu mai nannaɗe. Abin da mai da wanki mai taushi za su yi shi ne su hana karyewa, gashin da ya tsiro ya zauna. Ba mu san wani ganye da aka tabbatar yana mai da gashi a kan sanƙo ba. Gaban goshin da kitso mai tsauri ya cinye, maganinsa na farko a sassauta kitson tun da wuri.

Makero kuma ba a wanke shi da ganye. Ƙwayar cutar tana cikin saiwar gashi, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Yaron da kansa ya yi faci-faci a kai shi asibiti, za a ba shi maganin sha na makonni da yawa, a kuma raba masa mataji da hula da aska. In aka yi jinkiri har ya yi mugunya, gashin wurin yana iya ƙin fitowa har abada.

Ruwan rita da na shikakai suna da zafi ƙwarai a ido, saboda haka ba na jarirai ba ne, manyan yara kuma a sa su ɗaga kai baya su rufe ido. Man 'ya'yan dogon yaro, kada a kuskura a ɗiga wa jariri a baki. Likitoci a Malesiya da Indiya sun ba da labarin jariran da aka ba su shi suka yi ta amai da jijjiga, wasu suka mutu. A ajiye kwalbar a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.