Martani: Feshi Ba Zai Kashe Ƙwaron Shinkafa Ba, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci manoman shinkafar Gwandu da Kalgo su ninka feshi a gona, su kuma yayyafa maganin ƙwari na Sniper a buhu, wai a huta da ƙwaro. Wannan shawara ɓarna ce, kuma dole a faɗa maka.

Shin ka taɓa fasa ƙwayar da ƙwaron ya ci? Macen ce ke huda ta, ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe ramin. Tsutsar tana ci daga ciki, bayan kamar wata guda ta rikiɗe ta zama ƙwaro, ya fito ya bar ɓawo da gari. To, ta ina feshinka zai same ta? Kuɗin manomi kawai zai tafi, gubar ta gangara fadama inda masunta ke kamun kifi, dabbobi ke shan ruwa.

Batun Sniper ya fi muni. Irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Yau kuma ka ce a zuba ta cikin tuwon yara?

Maganin sananne ne: a girbe da wuri, a shanya shanshera a kan tamfol har ta bushe ƙarau, a share rumbu, kada sabuwa ta haɗu da tsohuwa, sannan a ɗure ta a buhun PICS mai hana iska shiga. Ƙwaron da kansa zai shaƙe.

Malaman gona na hukumar KARDA, ku shiga ƙauyuka ku nuna wa manoma wannan kafin girbi. Kai kuma, Malam, ka janye maganarka.