Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Gyaran Rimot ɗin Mota a Doha

Zuwa ga 'yan'uwa masu yankan makulli da gyaran rimot ɗin mota a birnin Doha, iyayen gida da yaran shago, tun daga garejojin Sana'iyya har shagunan titin Salwa da na Najma.

Abin da ya sa aka rubuto wannan wasiƙa shi ne saurin yanke hukunci da ya zama ruwan dare a sana'ar. Direba zai miƙo rimot ya ce ya daina aiki, kafin a buɗe kwanson an riga an ce masa ya mutu, sai dai sabo. Sau da yawa wannan direban ba shi ne mai motar ba. Direban gida ne ko na kamfani, kuma idan aka ce sakacinsa ne, a albashinsa za a cire kuɗin. Mafi ƙarancin albashi a Qatar tun watan Maris na 2021 riyal 1,000 ne, ban da kuɗin abinci da na masauki, kuma sabon makullin Land Cruiser ko Patrol yana iya cinye kaso mai tsoka daga ciki. Mai wannan wasiƙa yana ganin mafi yawan rimot ɗin da ake yi wa jana'iza a Doha da sauran numfashinsu, kuma bakanike na ƙwarai shi ne wanda ke bin ciwon daki-daki kafin ya ambaci kuɗin sabo.

Garin kansa ne babban mai laifi. A watan Yulin 2010 ma'aunin zafi ya kai digiri 50.4 a Doha, kuma cikin motar da aka ajiye a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Kamfanin Energizer ya rubuta digiri 60 a matsayin iyakar zafin da batirinsa na CR2032 zai yi aiki a ciki. Rimot ɗin da aka bari a kan dashbod da azahar ya wuce wannan iyaka cikin sauƙi. Sai kuma laimar Agusta da Satumba, lokacin da mutum ke fitowa daga sanyin na'ura gilashin idonsa ya yi hazo nan take. Abin da ya sami gilashin shi ke samun fanel ɗin da ke cikin rimot: raɓa ta kwanta a kai, gumin aljihu ya ƙara mata gishiri, bayan 'yan watanni tsatsa mai launin kore ta fito a ƙafafun batir.

Saboda haka aikin farko na mita ne. Sabon batirin kwabo yana nuna kamar volt 3.2 ko 3.3, amma wannan awon yana yaudara, domin batirin da ya gaji yana iya nuna volt 3 idan babu abin da ke jan wuta, ya faɗi warwas da zarar an danna madanni. Gwani yana auna shi ne yana cikin rimot, yana danna madannin yana kallon mitar. Yana kuma karanta lambar da ke jiki, domin lambar awo ce: CR2032 faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, CR2025 faɗi ɗaya amma kauri 2.5, CR2016 kuwa 1.6. Siririn batir a gurbin mai kauri zai yi aiki a kan tebur, ya daina da zarar mota ta hau bampa. Da wanda ya cusa mai kauri a gurbin siriri, da wanda ya ɓamɓare batir da sukudireba har ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe shi, duk sun ƙirƙiro sabuwar matsala da hannunsu. Akwai kuma batiran da ake shafa wa sinadari mai ɗaci don kada yara su haɗiye, kamar waɗanda Duracell ya fitar a 2020. Manufar mai kyau ce, amma shafin kan hana wuta wucewa a wasu na'urori, har Apple ya yi gargaɗi a kan haka game da AirTag. Goge wurin da ƙarfe ke taɓawa da ɗan sifirit yakan raba gardama.

Batirin jabu kuwa, wanda ake saya kati guda da araha, shi ne ke dawo da mai mota bayan wata biyu ransa a ɓace.

Idan batir lafiyayye ne, sai a tambayi rimot ɗin ko yana magana. Ƙaramar na'urar gwajin sigina, ko irin na'urorin Xhorse da Autel da ke hannun kusan kowane mai wannan sana'a, tana nuna ko sigina na fita da kuma zangon da yake fita a kai. Wannan gwaji na daƙiƙa biyar yana raba aikin gida biyu. In sigina ba ya fita, ciwon na cikin kwanso. In yana fita da ƙarfinsa, to a ajiye rimot a nufi mota. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda ya tsallake wannan mataki yana iya sayar wa mutum sabon makulli alhali fiyus ne ya ƙone.

A cikin kwanson ne ake gane hannun da ya ƙware. Yaran da suka koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano kafin su zo Qatar suna da abin da makanikai da yawa ba su da shi: ido mai ganin tsagewar dalma da hannun da ba ya rawa. Rimot yana faɗuwa a kan tayil sau da yawa a rayuwarsa, kuma abin da ke fara saki shi ne ƙafar mazaunin batir da ƙananan madannai masu ƙafa huɗu. Gilashin ƙara girma zai nuna siririn zobe baƙi kewaye da ƙafar, wato inda dalmar ta tsage. Ɗigon sabuwar dalma ya wadatar. Madannin buɗe ƙofa shi ya fi shan dannawa, shi ya sa yake riga sauran mutuwa; idan na kullewa yana aiki shi kaɗai ne ya ƙi, babu wani dalilin taɓa kwamfuta, madanni ɗaya za a sauya. A rimot masu madannin roba, baƙin gawayin da ke ƙasan robar kan cinye ko ya yi maiƙo. A wanke shi da sifirit mai ƙarfi, irin isopropyl, da burushi mai laushi. Kada a kankare shi da reza, kada kuma a fesa masa man sassauta noti, domin maiƙon yana jawo ƙura, ƙurar Doha kuma ba ta ƙarewa. Wasu tsofaffin makullan BMW batirinsu a like yake da fanel, yana caji ne idan makullin na cikin mota. Irin waɗannan sai an yanka kwanson a hankali an like sabon batir mai caji, ba CR2032 ba.

Daga watan Nuwamba, lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa Sealine da Khor Al Adaid, wani nau'in majinyaci yakan yawaita: rimot ɗin da ya shiga teku a aljihun mai shi. Ruwan gishiri da wutar batir idan suka haɗu, cikin sa'o'i suke cinye siraran layukan tagullar da ke kan fanel. Shawarar da ya kamata mai gyara ya bai wa wanda ya kira shi daga bakin teku ita ce ya cire batirin yanzu-yanzu, ya daina danna madanni don gwadawa. A shago sai a ɗauraye fanel da tataccen ruwa irin na batirin mota don gishirin ya fita, a bi da sifirit, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da wuta. Binne shi cikin shinkafa ba ya cire gishiri ko kaɗan.

Wajen sauya kwanso ne yaran shago suka fi jawo wa iyayen gidansu asara. Makulli ɗaya sana'a uku ce a haɗe: ƙarfen da aka yanka, rimot mai buɗe ƙofa, da ɗan ƙaramin guntun tsaro wanda mota ke tantancewa kafin ta yarda ta tashi. Wannan guntun tsaro ya zama dole ga sababbin motoci a Jamus tun farkon 1998, daga baya ya bazu ko'ina. Guntun ba ya buƙatar batir, daga zoben da ke bakin makunni yake samun wuta. A tsofaffin makullai da yawa yana zaune ne shi kaɗai a wani lungu na kwanson, baƙi kamar ƙwayar wake ko siririn gilashi. Yaro ya ɗauke fanel da ƙarfe ya mayar sabon kwanso, ya jefa tsohon a shara da guntun a ciki. Ƙofa za ta buɗe, inji ya ƙi tashi. Tsohon kwanso ba ya barin tebur sai mota ta tashi.

Wannan bambanci ne kuma ke ceton mai motar da ake tayarwa da madanni idan batirin makullinsa ya mutu a filin ajiye motoci. Akwai siririn ƙarfe a ɓoye a jikin makullin da zai buɗe ƙofar direba, kuma a Toyota da motoci da yawa, kanga makullin a jikin madannin tayar da inji yana sa mota ta gane shi. Bayanin minti ɗaya ne a waya. Yana da amfani musamman daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, lokacin da doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, kuma babu dalilin da maigida zai tura yaronsa ya gasu a rana kan abin da baki zai gyara.

Idan rimot na magana mota ba ta ji, wuraren dubawa sanannu ne: batirin motar kansa, wanda zafin Qatar ba ya bari ya daɗe, fiyus, eriyar karɓar sigina, da injin kulle ƙofa. Amma akwai wanda ake yawan mantawa, wato kayan da mai mota ya jona da kansa. Cajar waya mai araha, kyamarar gaban mota, da wasu fitilun LED suna fitar da hayaniyar lantarki da ke danne siginar rimot. A cire su a sake gwadawa. Idan kuma mai mota ya ce a wuri ɗaya kawai rimot ke ƙi, a tura motar gaba kaɗan a gani. Haka batun batirin da ke ƙarewa duk bayan 'yan watanni: makulli mai jin kusanci kullum a saurare yake, yana jiran kiran da mota ke yi masa a ƙaramin zango, wajen kilohaz 125 ko 134. A gidajen Doha da ake ajiye mota dab da ƙofar falo, makullin da ke rataye a bango yana kwana yana hira da ita. A matsar da shi ciki, nesa da waya da caja. Makullan Toyota da yawa suna da hanyar sa su barci: a riƙe madannin kullewa, a danna na buɗewa sau biyu.

Sai batun zango, wanda ke cin kuɗin masu odar makulli ta intanet. Motocin da aka ƙera don ƙasashen Gulf da Turai galibi suna aiki a kan megahaz 433, na Amurka kuwa yawanci 315. Makullai biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya ya ƙi shiga motar ɗaya har abada. Kafin a yi oda a karanta lambar da ke bayan tsohon makulli da ta kan fanel, a kuma tabbatar daga ina motar ta fito. Makulli na hannu da aka taɓa haɗawa da wata mota, a samfura da yawa, yana nan a kulle da ita sai an wanke shi da na'ura.

A ƙarshen jerin ne kwamfuta ke shigowa, ba a farkonsa ba. Kafin a jona ta a ƙasan sitiyari, a tallafa wa batirin mota da caja, domin faɗuwar wuta a tsakiyar aiki na iya birkita ƙwaƙwalwar tsaron motar, asarar da ta ninka kuɗin makulli sau da yawa. A gaya wa mai mota ya zo da duk makullansa, saboda a motoci da yawa wanda ba ya nan lokacin rajista gogewa yake yi. Motar da ke cikin garanti kuwa, gaskiya ita ce a nuna wa mai ita hanyar wakilin kamfani, Al Abdulghani Motors idan Toyota ce ko Lexus, Saleh Al Hamad Al Mana idan Nissan ce, ya zaɓa da kansa bayan ya ji abin da zai iya rasawa.

Na'urar da ke yi wa mai mota sabon makulli ita ce dai za ta yi wa ɓarawo. Duniya ta daɗe da sanin raunin waɗannan tsare-tsare: a 2011 masu bincike na ETH Zurich sun buɗe motoci iri 10 na kamfanoni 8 suka tayar da su ta hanyar miƙa siginar makulli daga nesa, a 2016 kuma wata tawaga da ta haɗa da masana na Jami'ar Birmingham ta nuna cewa ana iya kwaikwayon rimot ɗin motocin rukunin Volkswagen kusan miliyan 100. Inda fasaha ta gaza, amanar mai gyara ce ke tsare dukiyar mutane. Duk wanda ya zo ya ce makullansa sun ɓace gaba ɗaya, a nemi Istimara, wato takardar rajistar mota, da katin shaidarsa na QID, a duba suna da lambar shasi su dace. Duka biyun ana iya nuna su a manhajar Metrash. Direban gida ya sa maigidansa ya yi magana, motar kamfani ko ta haya a nemi takardar izini. A rubuta ranar, lambar mota da aikin da aka yi a littafi. Zumuncin garinmu ɗaya ba ya maye gurbin takarda, kuma baƙon da zamansa a ƙasa ya dogara da iƙama shi zai fi kowa shan wahala idan motar da ya yi wa makulli ta shiga hannun 'yan sanda.

Saura tsohon batir. Kada a miƙa wa mai mota shi ya jefa a aljihu, kada kuma a bar shi a kan kujera. Ko batirin da ya gaza kunna rimot yana da sauran wutar da za ta ƙona maƙoshin yaro cikin kamar sa'o'i biyu idan ya haɗiye. A naɗe shi da salatif ta fuska biyu a tara a gwangwani mai murfi, a tabbatar kwanson rimot ya rufe gam kafin a mayar, a kuma gaya wa mai iyali cewa idan hakan ta faru, 999 zai kira ko ya nufi sashen gaggawa na yara ba tare da jiran alama ba.