Gero Da Wake

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar Tambuwal, zai fara isa Boɗinga, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna. In ya ci gaba zai isa Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. In da damina ne, duk inda matafiyi ya duba, gonaki zai gani dama da hagun. Gero ya tashi ya fi mutum tsawo, wake kuwa ya yaɗu a ƙarƙashinsa ya rufe ƙasa. Tun kaka da kakanni haka manoman wannan ƙasa ke shuka su tare. Suna kuwa da gaskiya, gama saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyensa kuma yana tsare mata laima.

Amma in kaka ta yi, sau da yawa sai a raba su. Gero ya shiga rumbu, wake ya tafi kasuwa. Wannan kuskure ne babba. Abin da aka haɗa a gona, ya kamata a haɗa shi a akushi.

Ga dalili. Abinci iri uku ne. Na farko shi ne mai ba da ƙarfin aiki, kamar gero da dawa da shinkafa da mai. Na biyu shi ne mai gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama. Na uku shi ne mai tsare jiki daga cuta, kamar zogale da kuka da rama da kabewa da mangwaro. Murhu duwatsu uku gare shi. In aka ɗauke ɗaya, tukunya ba ta zama. To, haka jikin ɗan Adam yake.

Gero abinci ne mai albarka, har ya fi farar shinkafa ƙara jini. Amma in aka kasa shi kashi goma, kamar kashi ɗaya ne kaɗai mai gina jiki. Wake kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa duk mai gina jiki ne. Ban da wannan kuma, akwai abin da jiki ke bukata wanda ya yi ƙaranci a gero, amma yana da yawa a wake. Saboda haka in aka ci su tare, kowanne ya kan cike giɓin ɗan'uwansa.

Yaro ya fi babba bukatar irin wannan abinci, don shi girma yake yi, cikinsa kuwa ƙarami ne. Yaron da aka yaye, aka bar shi da tsinkakken kunu da tuwo kullum, zai ƙoshi, amma ba zai yi ƙwari ba. Sannu a hankali sai ya rame, gashinsa ya yi ja, wani ma ƙafafunsa su kumbura. Wannan ita ce tamowa. In ƙyanda ko zawo suka same shi a haka, nan da nan sai su kayar da shi. Akwai kuma wata muguwar cuta mai cin baki da kumatu, wadda likitoci ke kira noma. Yaran da tamowa ta raunana ta fi kamawa. A cikin 1999 aka kafa asibiti musamman dominta a Sakkwato. Rigakafi dai ya fi magani.

Wani zai ce, “Ai manomi na bukatar kuɗi. In bai sayar da wake ba, da me zai sayi taki da sutura? In ma ya ajiye, ƙwari ne za su cinye.” Wannan magana ce mai nauyi, ba a ce kada ya sayar ba. Amma kafin ya kai kasuwa, ya fara auna na gida ya ware. Wanda ya sayar duka da kaka, lokacin da wake ke araha, shi zai koma ya saya da tsada da bazara, ko kuwa kuɗin su ƙare wajen jiyyar yaro. Ƙwari kuma suna da magani. Mutanen da sukan cuɗa wake da toka ko yashi. Yanzu akwai buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga. In aka ɗaure shi tam, ƙwarin da ke ciki sai su mutu.

Haɗa abincin nan ba shi da wuya, kuma ba sai mai kuɗi ba. Da safe a sha koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa. Da rana a dama fura da nono, wadda Sakkwatawa ke kira hura, ko a yi ɗanwake, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Da dare a yi tuwo da miyar kuka, a sa mata daddawa da dakakken wake ko ɗan busasshen kifi. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida. Bayan wannan sai a fara ba shi kunu mai kauri wanda aka zuba wa gyaɗa ko garin wake, yana kuma ci gaba da shan nono.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari. Waɗansu sukan hana yaro ƙwai, wai kada ya koyi sata. Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Gina jiki yake yi, kuma ƙaramin gida shi ya fi cancanta a ba shi.

Ɗan makaranta ma yana da nasa aiki. Yana iya dasa zogale a bayan ɗaki, ya riƙa ba shi ruwa. Kafin shekara ta kewayo za a tsinki ganyensa a yi miya. In kuma an sa tuwo, ya lura ƙanensa ya sami rabonsa, kada manya su riga shi cinye mai kyau. Gidan da ya kiyaye wannan, da yardar Allah, yaransa za su tashi da lafiya, su iya karatu, su iya noma.

Tambayoyi

1. Me ya sa manoma ke shuka gero da wake tare?
2. Faɗi iri uku na abinci, da misali biyu na kowanne.
3. Mene ne alamun tamowa?
4. Yaya ake tsare wake daga ƙwari?
5. Rubuta abin da aka ci a gidanku jiya. Duwatsun murhu sun cika uku?