Kafin a kawo mana "probiotique", nono yana cikin ƙwarya

Kwanakin nan wata kalma ta cika wayoyinmu: "probiotique". A Facebook da TikTok ana ta tallar kombucha da kefir da ƙwayoyin farmasi masu tsada, wai su ne maganin kumburin ciki da gyaran hanji. Mu dai ra'ayinmu shi ne, kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Mene ne abin? A cikin hanjin kowanenmu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan gaske. Suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna kuma tare wa masu cutarwa wuri. A 2001 masanan da OMS da FAO suka tara sun ce probiotique su ne irin waɗannan halittu masu rai da ke amfanar jiki idan an sha isasshe. Tun farkon ƙarni na 20, Élie Metchnikoff na cibiyar Pasteur a Paris, wanda ya samu kyautar Nobel a 1908, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami.

To, me iyayenmu mata suke yi tun kaka da kakanni? A tafasa madara, a bari ta huce, a zuba ɗan nonon jiya, a rufe ta kwana. Da safe kindirmo ya kama. Wannan tsamin aikin ƙwayoyin Lactobacillus ne da danginsu: suna cinye wani ɓangare na sukarin madara su mai da shi tsami. Shi ya sa mutumin da madara ke murɗa wa ciki sau da yawa yake shan nono lahiya lau. Hatsin da aka jiƙa ya yi tsami kuma, jiki ya fi samun sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Koko kam an dafa shi, ƙwayoyin sun mutu, amma wannan amfanin yana nan.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Hurar da muke alfahari da ita ita ce kuma take kwantar da mutane idan ba a kula ba. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, kuma tsami kaɗai bai isa ya ba mu tabbaci ba. Sannan ga ruwan da ake ƙarawa don nono ya yi auki, ga ƙanƙarar da ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba, ga ludayi ɗaya da ke yawo baki-baki. Yawut na leda ma, idan kuran ya ɗauke firigo ya yini a kashe cikin zafin Afrilu, kar mu yarda da shi don kawai daga butik ya fito.

Abu na biyu, nono abinci ne, bai maye gurbin likita ba. Yaron da ke zawo, SRO yake buƙata da zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi mama, a kai shi CSI idan ya galabaita ko an ga jini. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, nonon uwarsa kaɗai.

Saboda haka jikkar da za mu kashe kan kwalbar waje, gara mu ba mai nonon da ke tafasa madararta, take rufe ƙwaryarta. Mu tambaye ta cikin mutunci: "Inna, an tafasa kuwa?" Idan masu saye suka riƙa tambaya, masu sayarwa za su gyara, makiyayinmu ma ya samu kasuwa.

Ku fa, a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, yaya ake haɗa nono a unguwarku? Muna jiran ra'ayoyinku. Allah ya ba mu lahiya mai amfani.