Sarki Ya Kāsa Ruɗinsa, Annabi Ya Ruɗe Shi

Karatu: 1 Sarakuna 13

Akwai labari a 1 Sarakuna sura 13 da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Ina zaton dalilin shi ne, mu masu wa'azi yake taɓawa.

Allah ya aiki wani bawansa daga Yahuza zuwa Betel ya tsauta wa bagaden da sarki Yerobowam ya gina. Ya ba shi umarni a fili: kada ya ci, kada ya sha a garin, kada kuma ya koma ta hanyar da ya zo. Sarki ya miƙa hannu a kama shi, hannun ya shanye, bagaden ya tsage. Da barazana ta kāsa, sai sarki ya koma lallashi, ya gayyace shi gida da alkawarin kyauta. Mutumin ya ƙi, ya ce ko da rabin gidan sarautar za a ba shi. Har nan babu wanda zai ga laifinsa.

A hanyar komawa ce wani tsohon annabi na Betel ya bi shi a kan jaki, ya same shi zaune a gindin itace. Ya ce masa shi ma annabi ne, kuma mala'ika ya umarce shi ya komo da shi gida ya ci abinci. Aya ta 18 ba ta yi kwana-kwana ba: ƙarya yake yi. Mutumin ya bi shi, ya ci, ya sha. Da ya kama hanya zaki ya kashe shi. Tsohon annabin ne ya ɗauko gawar, ya binne ta a kabarinsa, yana kuka yana kiransa ɗan'uwa. Kukan bai tashe shi ba.

Abin da nake so ku gani ke nan. Yawancinmu mun shirya wa Yerobowam. Idan wani ya ce ka je wurin boka, ko ka yi musun Yesu, nan take za ka gane. Ruɗin da ke cin mu kullum yana zuwa ne da harshen ikilisiya, da "Ubangiji ya nuna mini", daga bakin wanda muke jin nauyinsa.

Manyanku za su tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola. A dare ɗaya saƙo ya zagaye Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Wa ya tashe mutane da asuba? Uwa, goggo, ɗan'uwa a ƙungiyar mawaƙa. Duk da ƙauna suka yi. Amma gishiri ba ya maganin Ebola, kuma wasu sun kwanta asibiti, musamman masu hawan jini. Daga baya MMM ta zo da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Ba su kira shi zuba jari ba, "ba da taimako" da "karɓar taimako" suka kira shi, kalmomin da ke da daɗi a kunnen mai bi. A Disamba 2016 aka rufe asusun mutane, ana dab da Kirsimeti. Ku tambayi waɗanda kuɗin makarantarsu ya tafi, wa ya shigar da su? Da wuya ka ji an ce baƙo. Wanda ya kawo ka ma yawanci shi ma an ruɗe shi ne, kuma hakan bai dawo maka da ko kwabo ba.

Yau abin ya koma cikin waya. Bidiyon wani "bawan Allah" da ya ga mijinki a wahayi, sai ki tura iri na naira dubu biyar. Ko wanda ya ce kakarka ce ta ɗaure maka ci gaba. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin na ga gidajen da ya raba, tsohuwa tana kuka jikokinta sun daina cin tuwonta.

Na san amsar da za a ba ni: kada a taɓa shafaffen Ubangiji. Ku buɗe Zabura 105, ku fara daga aya ta 9 ku kai ta 15. Maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, suna baƙi 'yan kaɗan, Allah yana hana sarakuna cutar da su. Babu inda ta hana yaro tambayar fasto inda ya samo koyarwarsa. Bulus ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya (Galatiyawa 2:11). Shi kansa Bulus, mutanen Biriya suna bin wa'azinsa da binciken Nassi kowace rana, Luka kuwa yabonsu ya yi (Ayyukan Manzanni 17:11). In manzo bai fi ƙarfin a bincike shi ba, ni da na yi 'yan shekaru a makarantar tauhidi ban fi ba. Ba na cewa ku raina dattawa, ko ku zama masu zargin kowa. Ana iya durƙusawa a gaishe da Baba, a kuma ce, "Baba, a wace sura take?"

Wasu kuma za su ce, ai abin da ya faɗa ya cika. Maimaitawar Shari'a 13 ta riga ta amsa: ko alamar ta cika, in mai ita yana janye ka daga abin da Allah ya riga ya faɗa, kada ka saurare shi. Kuskuren mutumin Yahuza ke nan. Yana da magana tabbatacciya a hannunsa, ya musanya ta da labarin mala'ikan da bai gani ba. Mu namu ya fi nasa sauƙi. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake a Hausa, yanzu kuma yana cikin wayar da ake turo mana annabce-annabcen.

Wani abu kuma, mai ɗan ɗaci. A labarin nan kowa yana son ya ɗauki kansa a matsayin wanda aka ruɗa. Amma ran da ka tura hoton gawarwaki ka ce jiya ne a garin kaza, alhali ba ka san daga ina ya fito ba, kai ne tsohon annabin. Mu da muka zauna cikin rikici mun san jita-jita tana ƙona gida kafin gaskiya ta iso. Dokar da ta hana shaidar zur ba ta keɓe WhatsApp ba, kuma rubuta "yadda aka turo mini" a sama ba ya wanke hannunka.

Kafin taron zumunta na gaba, kowa ya karanta surar nan duka, ayoyi 34 ne kawai. Ka kuma zo da saƙo ɗaya daga wayarka wanda aka ce daga Allah yake. Za mu duba su tare: wa ya fara faɗa, me yake so a yi, wa zai ci riba, kuma me Nassi ya ce. Ku zo da wa'azina na Lahadin da ta wuce ma, da shi za mu fara.